Manhajata ta AI tana aiki a kwamfutata, amma ta ƙi tashi a saba

Tambaya: Malam, na haɗa manhajar AI da Python, mai amsa tambayoyin kwastomomi. A kwamfutata lafiya lau take aiki, amma da na ɗora ta a saba, wato kwamfutar da kwastomomi ke isa gare ta ta intanet, sai ta ƙi tashi. Ga shi duk gyaran da na yi sai na sake ɗorawa da hannu. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, galibi manhajar lafiyarta ƙalau, wurin ne ya bambanta. Wataƙila sigar Python ko PyTorch (laburaren gina AI) ta saba ba ɗaya ba ce da taka. Docker, wanda ya fito a 2013, zai ƙunshe manhajar da duk abin da take buƙata a ƙunshi guda mai tashi iri ɗaya ko'ina. A fayil ɗin requirements.txt, inda ake jera laburaren da manhajar ke dogaro da su, rubuta lambar sigar kowane laburare daidai, kada ka bar ta a buɗe. Idan da katin NVIDIA mai hanzarta lissafin AI kake aiki, direbansa, wato manhajar da ke sarrafa katin, a kan saba yake zama, ba cikin ƙunshin ba, kuma sai ka saka NVIDIA Container Toolkit kafin ƙunshin ya ga katin. Mabuɗin API kuwa, wato lambar sirrin da manhajarka ke shiga wasu manhajoji da ita, don Allah kada ya shiga cikin ƙunshin.

Ɗorawa da hannu, GitHub Actions, tsarin aiki da kansa na shafin GitHub inda ake ajiye lambobin manhaja, ya raba ka da ita. Fayil ɗaya na umarni, a tsarin rubutun YAML, a cikin foldar .github/workflows ya isa: kana tura gyara, zai gina, ya gwada, ya ɗora. Sai dai GitHub ba ya karɓar fayil da ya haura MB 100, don haka samfurin AI ɗin ka ajiye shi a ma'ajiya daban, da lambar sigarsa.

Inda na fi so ka natsu shi ne gwajin. Manhajar lissafi, biyu da biyu kullum huɗu take bayarwa. Ta AI kuwa, ka yi mata tambaya ɗaya sau biyu, ta amsa da kalmomi daban. Gwajin da ke neman kalma bisa kalma zai yi ta faɗuwa ba dalili. Tara ainihin tambayoyin da kwastomomi ke yi, ka rubuta abin da dole ya fito a kowace amsa, da abin da bai kamata ya fito ba. Idan sabon gyara ya samu maki ƙasa da na baya a gwajin, a tsayar da ɗorawar nan take.

Ko ya wuce gwajin, fara buɗe wa mutane kaɗan, ka kuma riƙe tsohon ƙunshin don komawa kansa idan abu ya lalace. Kubernetes kuwa, mai sarrafa ƙunshi a kan saba masu yawa, bar shi tukuna, saba ɗaya ba ta kai ga buƙatarsa ba.