Mota na ƙin shan kwana bayan an ƙara taurin shokozoba

Malam, ka ce ka ɗaure shokozoba huɗun tamau, amma kana murza sitiyari motar na zarcewa gaba a kwanar gasar autocross, wato tseren da mota ɗaya-ɗaya ke zagaya alamomin roba a filin kwalta ana auna lokaci. Taurin gaban ne ya yi yawa, tayoyin gaba suka daina kama ƙasa.

Fara da duba iskar taya da saitin ƙafa, nan ne mai arha. Sannan ka sassauta gaba, ko ka ɗan ƙara wa baya tauri. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka gwada, ka rubuta.

Kada ka kai wannan saitin kan burji. Rali, wato tseren mota da ake yawan yi a irin wannan hanya, na son shokozoba mai laushi da mota mai tsayi daga ƙasa, in ba haka ba motar sai tsalle.

Buɗe cikin shokozoba mai gas kuwa, bar wa ƙwararren makanike.