Tambayoyinku kan sayayya: firiza ta hannu, wayar bashi, yayin biki da tukunyar gas

Wasiƙun wannan makon duk daga cikin Kumasi suka zo. Ta farko ce za ta fi cin wuri, domin sana'ar mace ɗaya da abincin gidanta sun rataya a kanta.

*Salamu alaikum Hajiya. Ina sayar da lamurji da zoɓo da burkina a ƙofar gida a Aboabo, kullum sai na sayi ƙanƙara. Na kwashi susu, wato adashi, ina so in sayi firiza. An nuna mini wata babba ta hannu, an ce daga Jamus ta zo, kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba. Maigidana ya ce kayan Turai sun fi ƙarko. Wacce zan saya?*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa wa sana'a albarka. Maigidanki bai yi ƙarya ba, akwai ƙirar Turai mai ƙarko. Amma ita firiza ba a gama biyan kuɗinta ranar da aka saye ta. Dare da rana tana jone da wuta, mita tana ci, kuma wannan cin shi ne ainihin farashinta.

Fara da tambayar kanki ta ina ta shigo. Tun 2008 aka yi dokar da ta hana shigo da tsofaffin firji da firiza da na'urar sanyaya ɗaki cikin Gana, Hukumar Makamashi kuma ta soma aiwatar da ita a kan firji a farkon 2013. Dalilin hanin shi ne damuwarki ta gobe, wato shan wuta. To firizar da aka ce miki daga Jamus take, ko dai ta shigo kafin hanin, ta riga ta tsufa a hannun mutane a nan, ko kuma ta ɓarauniyar hanya ta bi. Ko wanne ne, ba ki da wurin kai kuka ranar da injinta ya tsaya.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa, wasunsu ma ba su san shi ba. Kowace firiza ana ƙera ta ne don wani yanayi, kuma an rubuta shi a ɗan allon da ke bayanta ko cikinta. In kin ga harafin N ko SN, an yi ta ne don wurin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. ST tana jure 38, T kuma 43. Ki tuna yadda ɗakin kwano yake a Aboabo da rana tsaka a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da ma cinikinki ya fi tashi. Firizar da aka yi wa ƙasar sanyi, a irin wannan zafi injinta ba ya samun hutu. Zai yi ta gunji yana shan wuta, zoɓon kuma bai daskare yadda kike so ba. In kuwa ƙirar Amurka ce, to wutar can 120 ce, tamu 230, sai an haɗa ta da taransifoma, wani kuɗin ke nan.

Sabuwa da ta shigo ta hanyar doka tana ɗauke da takardar Hukumar Makamashi mai taurari. Yawan taurari, ƙarancin shan wuta. A ƙasan taurarin an rubuta yunit nawa take ci a shekara, kuma wannan lambar ta fi komai amfani a gare ki. Ki duba rasidin wutar da kika saya a kamfanin wuta na ECG ki ga nawa yunit ɗaya ya tsaya miki, ki ninka da wannan lambar, kin san abin da za ki riƙa biya a shekara. Tsohuwar da aka shigo da ita daga waje ba ta da wannan takarda, a makance za ki saye ta. Ga shi kuɗin wutar gida mataki-mataki ne: wanda ya ƙetare wani adadi a wata, farashin yunit ɗinsa yana hawa, hukumar PURC mai tsayar da kuɗin wuta kuma tana duba farashin lokaci-lokaci. Ba ki faɗa mini ko mitarku ta ku kaɗai ce ba. In gidan haya ne mai mita ɗaya, to ki zauna da maƙwabta tun kafin firizar ta iso. Zumuncin tsakar gida da yawa a zangonninmu a kan katin wuta ya lalace, kuma ba na so naki ya shiga ciki.

Shawarata a fili: ki sayi sabuwa, ko da ba ta kai waccan girma ba. Ki zaɓi mai murfi a sama, domin in an ɗauke wuta ta fi mai tsaye riƙe sanyi. Ki auna girman da cinikinki na kwana ɗaya ko biyu, kada ki auna da burin shekara biyar, saboda babbar firiza rabi cike asarar wuta ce. Ki karɓi rasidi da takardar garanti mai hatimin shago, ki tambayi shekara nawa garantin injin yake. Ki ware kuɗin ɗan akwatin nan da ake jonawa tsakanin firiza da soket, wanda yake jinkirta wuta in ta dawo da ƙarfi. Wanda ya ga zamanin dumso, lokacin yawan ɗauke wuta, ya san injuna nawa dawowar wuta ta ƙona. In aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta kawo ta gida, ki bar ta a tsaye 'yan awoyi kafin ki jona.

In kuɗin susun bai kai ba kuma ba za ki iya jiran wani zagaye ba, ki nemi ta hannu a wurin wanda kika sani, wadda a nan aka saye ta sabuwa, takardar taurarinta tana nan. Ki je da mai gyara naki, ba na mai kaya ba. Ki maƙala takarda a bakin murfin ki rufe ki ja: in ta zare ba turjiya, robar ta mutu, sanyi yana zuba. Kuma a yarda miki da gwajin kwana biyu ko uku a gida, kina duba mita safe da yamma.

*Hajiya, ni ɗan koyon ɗinki ne a Asawase, na kusa samun 'yanci. Ina son waya mai kyamara mai kyau don in riƙa ɗora ɗinkina a WhatsApp da TikTok. An ce in ba da sidi 600, sannan in riƙa biyan sidi 8 kullum ta MoMo, asusun kuɗi na waya, har shekara ɗaya. Kuɗinta hannu da hannu 2,000 ne. Ko kuwa in je Adum in sayi ta hannu?*

Ɗana, ɗauki biro mu yi lissafi da lambobin da ka ba ni. Sidi 8 sau 365 ya kama 2,920. Haɗa da 600, ka biya 3,520 a kan wayar 2,000. Rarar 1,520 ita ce kuɗin jinkirin. Sidi 8 ba ya da nauyi a baki, shi ya sa ake faɗin farashin a kullum, ba a faɗinsa a shekara.

Ban ce irin wannan ciniki bai taɓa dacewa ba. Mai pragya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, ko mai kai saƙo wanda wayar ce take kawo masa aikin yau da yau, in tasa ta mutu, bashin zai iya fi masa alheri a kan zaman mako biyu ba waya. Haka a ƙarshen 2022, da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100, wanda ya tsaya tara kuɗi yakan tarar kayan sun gudu sun bar shi. Kai ba ka cikin wannan hali. Kuɗinka ba kullum yake shigowa ba, ɗinki yana da lokacinsa: azumi da salla da watannin biki a yi ta aiki har dare, bayan nan kasuwa ta kwanta. Ita kuwa wayar bashi ba ta san bayan salla ba. Ranar da ba ka biya ba za su kulle ta daga can, kwastoma yana nemanka bai same ka ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma gara na ɗan'uwa da zai saurari uzurinka.

Da 600 ɗin da ke hannunka, in ka riƙa ajiye sidi 8 ɗin a susu ko a MoMo da ba ka taɓawa, cikin kwana 175 ka cika 2,000, wato ƙasa da wata shida. Kafin nan ka roƙi maigidanka ko wani abokin aiki ya ɗaukar maka hotunan. Hasken safe a ƙofar shago da ɗinki mai tsafta su ne rabin kyan hoto.

Ta hannu a Adum tana iya zama ciniki mai kyau, amma da sharuɗɗa. Ka saya a shago mai wurin zama, kada ka saya a hannun wanda ya tare ka a bakin hanya. Ka danna *#06# ka ga lambar shaidar wayar da ake kira IMEI, a rubuta ta a rasidi. A goge wayar gaba ɗaya a gabanka, a sake kunna ta, ka sa layinka, ka tabbata ba ta neman asusun Google ko iCloud na wani. Ka yi hattara da mai arha fiye da kima, domin akwai masu sayar da wayar da ba su gama biyan bashinta ba, bayan kwanaki ta kulle a hannunka. Wayar sata kuma, karɓarta da sani laifi ne a dokar manyan laifuka ta 1960, kuma 'yan sanda wanda suka samu da ita suke fara kamawa.

*Hajiya, biki uku ne a gabana cikin wata biyu, kowanne da yayinsa, wato kayan da za a ɗinka iri ɗaya. In ban saya ba a ce na raina mutane. Albashina na koyarwa ba zai ɗauka ba.*

'Yata, ki sayi na wadda ta fi kusa da ke, sauran biyun ki je da kaya masu kyau da kike da su, ki kai gudunmawa gwargwadon hali. Ki kira amaren tun yanzu ki gaya musu da bakinki, kada su ji a bakin wani. Abin da amarya take tunawa shi ne wa ya zo ya tsaya mata. In atamfa ce kuma zaɓi yana hannunki, ki juya ta: ta kirki irin su GTP da ATL launinta ya ratsa ciki da baya kusan ɗaya, mai arha kuwa bayanta fari-fari ne. Ga uwayen biki kuma ina da roƙo, ku riƙa fitar da yayin da talakar dangi za ta iya saya ba tare da ta ci bashi ba.

*Hajiya, iyalina da gawayi suke girki a Sawaba, buhu kuma kullum ƙara tsada yake. Ina so in sayi gas amma tsoro nake ji, ga yara a gida.*

Alhaji, tsoronka yana da tushe, kowa ya tuna fashewar gidan gas na Atomic Junction a Accra a 2017. Sai dai gawayi ma yana da nasa haɗarin da ba a gani. Hayaƙinsa yana cin ƙirjin mai girki, kuma kurfoti, murhun gawayi, mai garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe mutane cikin barci, musamman lokacin hunturu.

Na goyi bayan gas, amma kada ka jefar da kurfoti. Shayi, ɗumame, miya da abincin yaran makaranta da asuba, gas ya fi sauri da tsafta. Wake da ganda da tuwon taro kuwa a bar wa gawayi a tsakar gida. Wurin da ba a neman arha shi ne kan da ake ɗaura wa tukunyar, mai daidaita fitar gas, da kuma tiyo. Ka sayi sababbi, kada ka karɓi tukunya mai tsatsa ko lotsewa, kuma ranar da ka ga an ɗora dutse a kan tukunya don gas ya fito, kan ya lalace, a canza shi a ranar. Ka shafa ruwan sabulu a mahaɗa: in ya yi kumfa, akwai yoyo. Tukunyar ta zauna a tsaye inda iska ke ratsawa, ba ɗakin kwana ba, a rufe ta daga kai bayan kowane girki. Ka tara uwargida da manyan yaran ka nuna musu cewa in sun ji warin gas, ba ashana, ba taɓa makunnin wuta, a buɗe ƙofa da taga, a rufe tukunya, kowa ya fita waje.