Amsa: kullum ana fasa min jirgina Viper a Elite Dangerous, wasan jiragen sararin samaniya

Malam ka ce da ka shiga faɗa sai abokin gaba ya zagayo ta bayanka ya tarwatsa maka Viper, wallahi ni ma na sha wannan kashin. Yawanci totur ne matsalar. Kar ka take shi har ƙarshe, bar shi cikin shuɗin layin nan na gefen rada, a nan jirgi ya fi saurin juyawa.

Sai ɗigon wutan nan guda 6 da ake rabawa tsakanin SYS (garkuwa), ENG (inji) da WEP (makamai), kar hannunka ya bar wajen, in ana maka ruwan wuta zuba 4 a SYS garkuwarka za ta daɗe sosai, da ka samu bayan abokin gaba ka mayar da su WEP ka sakar masa. Lesa na cin garkuwa, multi-cannon, bindiga mai harsashi, na cin jikin jirgi.

Atisaye kuwa je Resource Extraction Site, wato wurin haƙar ma'adinai, ka bi 'yan sanda, su fara dukan ɓarawo kai kuma ka sa hannu ka kwashi lada. Amma fa ka jira sikanin ya nuna wanted, wato hukuma na neman jirgin, kafin ka harba, ni garin zumuɗi na harbi ɗan sanda duk suka yo kaina, suka fasa min jirgi, ga ba kuɗin inshorar da zan fanso shi, haka na koma Sidewinder, ƙaramin jirgin da ake farawa da shi.