Ya ajiye magani bayan bugun zuciya, wai ya warke

Tambaya: Likita, wata huɗu ke nan da maigidana ya samu bugun zuciya, aka sa masa ɗan bututun ƙarfe a jijiyar da ta toshe. Yana da hawan jini da ciwon sukari, yana kuma shan sigari. Da awon jininsa ya daidaita, wani abokinsa ya ce masa magungunan nan ƙoda suke kashewa, shi ke nan ya ajiye su, wai ai ya warke. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara masa lafiya. Ku tuntuɓi likitan zuciyarsa yau ɗin nan, kada ku bari sai gobe.

Maganar "ai na warke" ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Bututun nan wuri ɗaya ya buɗe, tsawonsa kamar gaɓar yatsa. Kitsen da ya taru a bangon sauran jijiyoyin yana nan daram. Awo kuwa magani ne ya saukar da shi, da an janye zai koma gidan jiya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ajiye asfirin da abokin tafiyarsa, kulofidogirel ko tikagirelo. Su ke hana jini daskarewa a kan ƙarfen, kuma yawanci wata 12 ake haɗa su. Wanda ya yanke su a wata na huɗu, gudan jini na iya rufe bututun farat ɗaya. Na sha karɓar irinsu da tsakar dare, gumi sharkaf, hannu dafe da ƙirji, matar na riƙe da leda cike da kwalayen maganin da ko ɓarewa ba a yi ba. Mai ba da shawarar yana gida yana barcinsa. Ƙodar da yake tsorata shi da ita ma, hawan jini da sukarin da aka yi wa sakaci su ne kan gaba wajen lalata ta.

Binciken INTERHEART na 2004 a ƙasashe 52 ya nuna abubuwa tara ne ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya, sigari da kitsen jini a sahun farko. Saboda haka ya bar sigari kwata-kwata, ragewa ba ta wadatar. A nemi mugun kitsen jini, wato LDL, ya sauka ƙasa da 1.4 mmol/L a gwajin jini, hawan jini ƙasa da 130/80.

Ki sani mai sukari kan yi bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba. In kin ga haki, gumi ko amai ba dalili, sai asibiti nan take.