Tambaya da Amsa: Wace firinta mai kala ce za ta jure zaman ƙauye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim. Yarana huɗu suna karatu: babbar tana Jami'ar Tarayya ta Dutse, mai bi mata yana shirin JAMB, biyu kuma suna sakandare. Duk takardar da za a buga sai an hau babur an shiga gari, kuɗin mai ya kan fi kuɗin bugun. Ina so in sayi firinta mai kala. Wutarmu ba ta tsayawa, amma muna da ƙaramar sola mai batir ɗaya. Wacce zan saya wadda ba za ta bar ni da da-na-sani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa yaran albarka, ya saka maka da alheri kan wannan ɗawainiya.

Bari in fara da abin da ka ambata a ƙarshe, wato wuta, domin ita ce ta riga ta yanke rabin hukuncin. Firinta iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta lesa, mai amfani da garin tawada, wadda sai ta gasa wani ƙarfe a cikinta ya yi zafi sosai kafin ta manna garin a jikin takarda. Wannan gashin yana cin wuta. Ko ƙarama ce tana jan wat ɗari uku zuwa sama idan tana bugu, lokacin da take ɗaukar zafi kuwa ta kan zabura ta ninka haka. Inbata mai batir ɗaya za ta yi ta kuka ne tana yankewa. Ga kuma kwalaben gari huɗu da mai kala take buƙata, waɗanda idan suka ƙare tare sai ka ji kamar sabuwar na'ura za ka saya. Ta lesa aikin ofis ce da masu shagon bugu. A gidanka, cire ta daga lissafi.

Ɗayar ita ce mai ruwan tawada, wadda take fesawa ta wasu 'yan ƙofofi da suka fi gashin kai siranta. Wutar da take ci ba ta wuce wat 12 zuwa 20 ba, kamar ƙwan fitila ɗaya ko biyu. Solarka za ta ɗauke ta ba tare da ta ji a jikinta ba.

To amma a nan ne mutane suke faɗawa rami, don mai ruwan ma ta kasu biyu. Akwai mai katirij, wato 'yan akwatunan tawada guda biyu da ake sakawa a cire. Ita ce mai arha a shago, ita ce kuma mai shago zai fara nuna maka. Alhaji, arha ba ta ado. Ƙaramin katirij na HP mai lamba 305, kamfanin da kansa ya ce baƙin yana buga shafi 120, mai kalar kuma 100, kuma wannan lissafin na shafin da rubutunsa bai cika ba ne. Furojet ɗaya na 'yarka, idan malami ya dawo da shi gyara sau biyu, ya cinye katirij. Sannan kala ukun a akwati ɗaya suke, idan shuɗi ya ƙare sai ka yar da shi da sauran ja da rawaya a ciki. Na sha ganin irin waɗannan firintoci a gidajen mutane an ɗora su kan durowa an rufe da zani, ba lalacewa suka yi ba, tawadar ce ta gagari mai gida.

Abin da nake ba ka shawara shi ne mai tanki. Ita tankuna huɗu gare ta a jiki, baƙi da shuɗi da ja da rawaya, kana ɗura tawada daga kwalba, kana ganin inda ta tsaya da idonka. Kwalbar Epson mai lamba 103, baƙar tana kai wa shafi 4,500, masu kalar kuma 7,500 a haɗe. Ta Canon mai lamba GI-41, baƙar 6,000 ce. Ka tuna rim ɗin takarda falle 500 ne, wato kwalbar baƙi ɗaya tana kai wa rim tara zuwa goma sha biyu. Kuɗin sayen farko ya fi nauyi, ba zan ɓoye maka ba, amma da yara huɗu kafin shekara ta zagayo ka fanshe.

Cikin masu tankin da ake samu a kasuwa akwai Epson L3210 da L3250, da Canon G2420 da G3420, sai HP Smart Tank. Dukkansu suna bugu, suna fotokofi, suna sikanin. Bambancin L3210 da L3250 shi ne ta biyun tana da Wi-Fi, haka ma G3420 a kan G2420. Kada ka raina wannan. Yaranmu yawanci a waya suke karɓar takardun makaranta, ta WhatsApp ko imel, ba kowane gida ke da kwamfuta ba. Mai Wi-Fi tana haɗuwa da waya kai tsaye ko babu data, yaro ya tura silif ɗinsa na JAMB ya fito da hotonsa rangaɗau.

Tsakanin Epson da Canon kuwa, ni na ɗan fi karkata ga Canon G3420 idan gida ya yi nisa da mai gyara. Dalilina biyu. Kowace firinta mai ruwa tana da soso a ciki da ke shanye tawadar da take zubarwa idan tana wanke kanta. Ranar da soson ya cika, sai ta tsaya cak. A G3420 akwati ne da za ka saya ka zare tsohon ka sa sabo da hannunka, kan feshin ma, wato ɓangaren da ke fesa tawadar a takarda, ana cire shi a canza a gida. A L3250 sai an kai wa mai gyara. Na biyu, baƙar tawadar Canon ɗin ba ta saurin narkewa idan ruwa ya taɓa takarda, abin da ɗalibi mai hawa babur da damina zai gode masa. Amma Epson tana da nata alherin: kan feshinta yana da ƙarko, tawadarta da masu gyaranta sun fi sauƙin samu. Duk wadda ka ɗauka cikin biyun ba ka yi asara ba. Kafin ka biya, ka tambayi shaguna biyu ko uku ko suna da tawadar mai wannan lamba, domin akwai waɗanda aka shigo da su daga wasu ƙasashe da lambar kwalbarsu ta bambanta da tamu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, don shi ne yake kashe firinta a ƙasarmu fiye da komai: zama babu aiki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da leɓen mutum ya tsage, ina ga ɗigon tawada a bakin ƙofar da ido ba ya gani? Zafin bazara ma haka. Yara su tafi makaranta, firinta ta yi wata biyu ba a kunna ta ba, su dawo hutu a buga sai ga layi-layi fari a cikin rubutu, ko wata kala ta ɓace gaba ɗaya. Maganin ba ya cin ko sisi. Kowane mako, ka sa wa kanka rana, ko Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a buga shafi ɗaya mai ɗauke da duka kalolin. Ka ɗora wa ɗaya daga cikin 'yan sakandaren wannan aiki. Idan an gama a kashe ta da maɓallinta, a jira ta yi shiru, sannan a zare waya daga bango. A wannan ɗan lokacin ne kan feshin yake komawa mazauninsa ya rufe bakinsa. Wanda ya fizge waya ya bar shi a buɗe iska tana shan sa. Sai a lulluɓe ta da ƙyalle mai kauri saboda ƙura, takardun ma a bar su cikin ledarsu, domin ƙurar da ta hau takarda ita ce ke bin robar da ke jan ta har ta fara santsi.

Wurin saye, ka shiga Kano da kanka ko ka aiki wanda ya san kan abin, layin Beirut akwai shaguna da dama. Ka sayi sabuwa a kwali, kwalaben tawadarta a rufe cikin leda, ka karɓi rasit mai lambar na'urar da bayanin garanti. Ta hannu a wannan nau'in kasada ce, ba ka san watannin da ta yi a bushe cikin kwantena ba. Tawadar jabu kuma ta cika kasuwa, har da wadda ake aunawa a gora. Kada rangwamen 'yan kuɗi ya ja ka, gyaran kan da ta toshe ya fi ƙarfin abin da ka rage.

Idan ka kawo ta gida, ɗurin farko yana ɗaukar kamar minti goma ko fiye tana jan tawada cikin bututunta, kuma ba a so wuta ta yanke a tsakiya. Ka yi shi da rana tsaka a kan sola lokacin da batir ya cika, kada ka dogara da wutar layi ko ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Duk ranar da za a kai ta gyara bayan an ɗura mata tawada, a ɗauke ta a kwance yadda take zaune a tebur, wani ya riƙe ta a cinya a bayan babur, kada a jingine ta a gefe ko a ɗaure ta a tsaye.