Amsar tambayar ƙanena na Garwa kan batirin motar kwana

Salam ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce in Allah ya sa ka samu bizar karatu a Faransa kana so ka sayi tsohuwar mota irin tawa ka riƙa kwana ciki don ka huta da kuɗin haya, kuma wane batir za ka sa mata, na ruwa ko AGM (rufaffen batir da ba a ƙara masa ruwa) ko lityum.

Toh batirin tada mota dai ka cire shi a lissafi tun yanzu, shi an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, in kana shanye shi kullum da firigo da fitila ba zai kai ko'ina ba. Na ruwa ɗin nan da muke ƙara wa ruwa a gida shi ma a'a, yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, kai kuma cikin akwatin ƙarfe za ka kwana tagogi a rufe.

Saura AGM da lityum, wanda za ka ga an rubuta LiFePO4 a jikinsa. Batir mai 100Ah a bolt 12 wajen 1200Wh ke ciki, amma AGM in kana so ya daɗe rabi kawai za ka sha ka bar masa rabi, kaga 600 ke nan, lityum kuwa kana iya shan kashi 80 zuwa 90 ko a jikinsa. Nauyi ma ba a haɗa su, AGM wajen kilo 30 lityum kuma 12 ko 13, kuma kar ka raina wannan don permi B ɗinka, wato lasisin tuƙin ƙananan motoci, iyakar nauyin motar da ya yarda ka tuƙa tan 3.5 ne, da gado da ruwa da tukunyar gas da kai kanka duk a ciki. AGM caji ɗaruruwa yake yi ya gaji, lityum dubbai. Matsalar lityum tsada ce kawai ranar saye. In kullum za ka zauna cikin motar lityum ya fi, in sai hutu hutu ne AGM ya ishe ka.

Amma ga inda na sha wuya. Mu a Garwa zafi muka sani yana kashe batir, watan Maris da Afrilu ma'auni ya haura 40 batirin sola ya kumbura a ɗaki, ko kusa ban taɓa kawo sanyi a raina ba. Ashe lityum ba ya karɓar caji in sanyi ya sauka ƙasa da sifili, na'urar da ke cikinsa mai suna BMS ita ke yanke cajin don kar ya lalace. Hunturuna na farko a tsaunukan kusa da Giranobul na ajiye shi ta ƙofar baya inda iska ke shiga, wallahi kwana uku ga rana a kan sola amma ko ɗigo bai shiga ba, injin ɗumama mota mai shan gazuwal shi ma sai da wutar batir yake tashi, na kwana da riguna huɗu ina tuna bakin Binuwai. Wanda ya sayar min bai ce min komai ba. Don haka ka nemi mai abin ɗumama kansa a ciki, ko ka sa shi ƙarƙashin gado inda ɗumi yake. Kuma rana a nan watan Disamba kafin ƙarfe biyar ta faɗi, sola kaɗai ba za ta riƙe ka ba, sai ka haɗa da caja DC-DC da ke jan wuta daga injin mota in kana tafiya.

Sai dai ƙanena ni da na shiga mota ina da takarduna a hannu, aikin tsinkar inabi da na tsauni ne ke yawo da ni. Kai ɗalibi ne, tun wajen neman biza za a tambaye ka inda za ka sauka, haka ma banki da wajen sabunta katin zama, duk takardar adireshi suke so. Ka fara neman ɗakin CROUS, hukumar da ke ba ɗalibai masauki a nan, tukuna, shekara ta zagayo ka ga hunturu da idonka sai mu je mu duba mota tare. Ka gaida Inna da su Hajja.