Likita ya ce zuciyata na turo jini daidai, to me ya sa nake haki?

Hajiya, kin ce kin yi hoton zuciya a Gusau, an ce ƙarfin turo jininki kashi 60 ne, wato daidai, amma kina da teɓa, hawan jini da suga, kuma ko shara kika yi sai haki. Kada ki ɗauka rashin ƙoƙari ne.

Zuciya aiki biyu take yi: ta matse ta tura jini, sannan ta saki jiki ta cika. Ƙiba da hawan jini da suga sukan sa bangon ɗakin ƙasa na hagu na zuciya ya yi kauri ya taurare, kamar sabuwar salka da ba ta jiƙa ba. Matsewa lafiya lau, cikar ce ke wahala, sai jini ya taru baya wajen huhu.

Duba takardar hoton ki ga ma'aunin matsin cikar zuciya da ake rubutawa E/e'. In ya haura 14, alamar matsi ne a ciki. Ki ga kuma ko ɗakin sama na hagu ya faɗaɗa. Masu jiki kan ba na'urar wahalar gani, amma kusan kowa ta gefen hagu ake kwantar da shi don zuciya ta fi fitowa a hoton.

Don Allah ki koma wa likitan zuciya da takardar, ki rage gishiri da Maggi, ki riƙa tattaki bayan Asuba.